Motar da Baffa Ya Zaɓa

Gwiwa, 8 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Baffa Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyi.

Na san za ka fara duba sunan da ke ƙasa. Ni ce Lailatu, 'yar marigayi Na'Allah na Roni, wadda ka bari tana 'yar shekara bakwai. An ce min kakarka da kakan Babana ciki ɗaya suka fito, kuma a gidanmu ka tashi, shi ya sa nake kiran ka Baffa, ko da yake fuskarka ta ɓace min. Musaddiƙ, direban tirelar shanu da ke lodi daga Kazaure zuwa Agege a Ikko, shi ya ce ya san garejin da kake aiki. Ya ce bugun ƙarfe ya cinye maka kunne, waya ba ta yi maka amfani, amma in an rubuto kana amsawa.

Ni malamar firamare ce a nan Gwiwa. Maigidana Salisu malamin gona ne a Babura, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. 'Yarmu ɗaya, Lubna, shekararta biyar, kuma tana da sikila. Duk lokacin da ciwon ya tashi, a kan acaɓa nake rungume ta har asibitin Kazaure. Watan jiya kowane rami muka faɗa sai ta yi ƙara, har ɗan acaɓan ya tsaya ya ce, "Malama, wallahi ba zan iya ba, kukan nan ya ishe ni tausayi." Sai da na roƙe shi muka ƙarasa.

Shi ya sa muka haɗa abin da Allah ya hore za mu sayi mota, ni zan koyi tuƙi. Salisu ya ga guda biyu a Kano. Ɗaya tsohuwar babbar mota ce, irin mai nauyin nan ta da. Ɗayar ƙarama ce 'yar Kwatano, mai ƙofa huɗu da ƙofar baya da ake ɗagawa sama. Hamma, yayan Salisu, ya nace kan babbar, ya ce ita ce ƙarfe. Ga hotunansu da takardunsu a cikin ambulan.

An ce shekara ashirin kana duba motocin da suka yi hatsari. Don Allah ka zaɓa mana. Inna, mahaifiyata, tana Roni, lafiyarta lau in ban da gwiwoyi. Ban gaya mata na rubuto maka ba.

'Yarka,
Lailatu

Agege, 27 ga Janairu, 2024

'Yata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, kuma sai da na zauna kafin na iya karanta ta har ƙarshe. Muna lafiya, ni da matata Ikilima. Ita takan amsa min waya, amma zancen mota in ya bi ta bakin mutum biyu ya lalace, don haka mu ci gaba da takarda. Allah ya ba Lubna lafiya.

Ku ɗauki ƙaramar.

Na duba hotunan da takardun sosai. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ki. Daga waje kamar ba wuri, amma an tura tayoyinta can kusurwoyi, shi ya sa cikinta ke ɗaukar mutum biyar ba matsi. Kujerun baya suna kwantawa, in kina son saka buhu ko shimfiɗa. Injinta ƙarami ne, ba za ta yi tsere da kowa ba, amma ba ta shan mai, kuma a tsadar fetur ta yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Giyarta da kanta take canzawa, ba ruwanki da kuloci. Ƙarƙashinta ya ɗan ɗaga daga ƙasa, za ta bi burjin Gwiwa, sai dai in damina ta yanka hanya ki bi a hankali.

Abin da ya sa na zaɓe ta dai shi ne tsaro. Tana da jakar iska a sitiyari da gaban mai zaman gefe da kuma jikin ƙofofi. Birkinta irin wanda ba ya barin taya ta kulle ne. In kika taka da ƙarfi za ki ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarki. Kada ki saki, aikinsa yake yi, ki ci gaba da takawa kina juya sitiyari. Kowace kujera da bel ɗinta. Sannan gabanta an yi shi ne don ya lotse in an bugu.

Kafin ku ɗauko ta, Salisu ya murza makulli ya kalli allon gaban direba. Akwai 'yar fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa. Dole ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire jakunkunan an kashe fitilar don a ɓoye, ku bar musu kayarsu. Ya duba shekarar tayoyi a jikinsu, don taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. Ya ja kowane bel da ƙarfi ya ga ya cije.

Lubna ba za ta zauna a gaba ba, ko a cinyar wani. Jakar iska tana ceton babba, amma tana iya illata yaro. Bayan mota ne wurinta, kuma a gefen ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da ke hana a buɗe ta daga ciki.

Ki gaishe da maigidanki. Inna kuwa, in kin ga ba zai ɓata mata rai ba, ki ce wani yana gaishe ta.

Baffanki,
Sharfuddeen

Gwiwa, 12 ga Fabrairu, 2024

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Lubna ta yi sati uku ba ciwo, alhamdu lillahi. A gaishe da Gwaggo Ikilima.

Na gode da dogon bayani, amma layi ɗaya ya jawo min magana. Ranar Asabar na karanta takardarka a gaban Salisu da Hamma. Da na zo inda ka ce gabanta an yi shi don ya lotse, Hamma ya tuntsire da dariya. Ya ce, "To kin ji da bakinsa! Gwangwanin madara ce. Ni motar da na nuna muku, ko bango ta daka, bangon ne zai ji jiki." Salisu kuwa, na san halinsa, na ga ya fara karkata.

Ni kaina na maimaita layin ya fi sau goma. Na ce ko kuskuren alƙalami ne, kana nufin don kada ya lotse? Ko kuwa gargaɗi kake min a fakaice cewa motar ba ta da ƙwari, amma ita ce daidai ƙarfinmu? In haka ne ka faɗa min kai tsaye, ba zan ji haushi ba.

Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba, amma ɓoye shi ba zai yi ba. Da Hamma zai tashi ya ce, "Kuma a rasa wanda zai ba da shawarar mota sai mutumin da ya tuƙa Na'Allah zuwa kabari?" Salisu ya tsawata masa duk da yayansa ne.

Baffa, ni abin da na sani kawai shi ne Babana ya rasu a hatsari kuma kai ke tuƙi. Inna ba ta taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba. Ban rubuto maka don in tono ba. Amma 'yata zan saka a motar nan, ina son in san dalilinka.

Mai motar ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen wata.

'Yarka,
Lailatu

Agege, 24 ga Fabrairu, 2024

'Yata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin lafiyar Lubna. Ni ma lafiya, sai ɗan tari.

Ba kuskuren alƙalami ba ne. Kin ga yadda masu kai ƙwai kasuwar Roni ke zuba ƙaiƙayi a kwando? In kwandon ya faɗi, ƙaiƙayin ne ke shan bugu. Haka gaban motar nan yake. An yi shi ya naɗe kamar tabarma, ya shanye ƙarfin karon kafin ya iso ga mutane. Inda kuke zaune kuma an ɗaure shi da ƙarfe mai tauri don kada ya motsa. Motar da ba ta lotsewa, bugun ba ɓacewa yake ba. Wucewa yake ya sami na ciki.

Hamma bai yi ƙarya ba, ni ke tuƙi. Kin tambaya, kuma kina da haƙƙi.

Da safe muka fita daga Roni za mu kasuwar Babura, a cikin babbar motar Babanki, irin wadda Hamma ke yabo. Ina da shekara ashirin da shida. Shi ya koya min tuƙi, shi ya yi min lasisi. A hanya ya tsaya ya saya muku madara. Bayan mun wuce Achilafiya wani bijimi ya faɗo titi. Na take birki, tayoyi suka kulle, motar ta zame kamar a kan sabulu. Ina juya sitiyari ba ta ji. Muka daki bishiyar maina. Gudun ma ba wani mai yawa ba ne.

Motar ba ta da bel, an daɗe da yanke su an ɗaure kaya da su. Ni sitiyari ya tare ni, haƙarƙarina uku suka karye. Babanki ba abin da ya tare shi. Ya ce min, "Sharfu, duba min ko madarar yara ta zube." Bai ƙara magana ba.

Lailatu, fitila ɗaya da ƙarfen gaba kawai aka canza wa motar nan. Na ji labarin ta ƙara shekara goma tana jigila. Babanki ko asibiti bai kai ba.

Tun daga nan, kowace motar da aka jawo garejinmu, ba gabanta nake fara kallo ba. Ƙofa nake buɗewa in ga ko wurin zama ya tsira. Na ga manyan motoci sumul da jini a ciki. Na ga ƙanana sun koma kamar an tauna, masu su kuma sun zo da ƙafarsu suna tambayar ko za ta gyaru.

Ban ce mota tana hana ajali ba. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Na ba Musaddiƙ kujerar yara ya kawo miki. A ƙasan kujerar baya, in kin cusa yatsa, za ki ji ƙugiyoyi biyu na ƙarfe. A nan ake maƙala ta har ta ce ƙas. Na zana miki yadda ake yi a bayan takardar nan.

Baffanki,
Sharfuddeen

Gwiwa, 21 ga Afrilu, 2024

Baffa,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Ka gafarce ni da jinkiri. Takardarka ta kusa wata biyu a jakata ban san me zan ce ba. Har yanzu ban sani ba, sai dai na gode da ka gaya min. Ban taɓa sanin maganar Babana ta ƙarshe ba.

Salisu kaɗai na ba ya karanta. Da ya gama ya ninke ya ce, "Gobe za ni Kano." Fitilar ta kama ta mutu kamar yadda ka ce. Tayoyi biyu sun tsufa, ya canza su.

Baffa, mota ta zo! Ruwan toka ce. Salisu ya koya min a filin makaranta bayan an tashi, kuma na samu lasisina kafin azumi ya ƙare. Sitiyarinta ba nauyi, tana juyawa a lungun gidanmu ba sai na yi baya sau uku ba. A hawa takan yi ɗan nishi in mun cika, in na kashe na'urar sanyi sai ta ware. Mai kuwa, cikon tanki ɗaya ya kai mu Kazaure ya dawo da mu har na daina lissafi.

Ranar da ciwon Lubna ya tashi cikin azumi, da rana tsaka, ban nemi kowa ba. Na ɗaure ta a kujerarta, na rufa mata zane, muka tafi. Kafin Roni ta yi barci. Ni ce na yi ta kuka a kan sitiyari, ban san dalili ba.

Na yi baƙin jini kaɗan a unguwa. Ranar kasuwa mata bakwai suka taru za su bi ni, na ce huɗu, kuma kowa da bel. Wata ta ce, "Malama, mota ce ko aji?" Na ce duka biyun. Hamma har yau bai shiga ba. In ya wuce sai ya ƙwanƙwasa gabanta da yatsa ya girgiza kai.

Inna ma da farko ta ƙi bel. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure. Na kashe mota na ce to mu kwana a nan. Muka zauna a ƙofar gida har Lubna ta ce, "Inna, ni ma fa an ɗaure ni." Ta yi tsaki ta miƙo hannu. A hanya ta tambaye ni wa ya aiko da kujerar. Na faɗa mata. Ta juya tana kallon taga har Kazaure.

Musaddiƙ ya ce tirelarsa za ta shiga gyara, wataƙila a daɗe ba ka ji ni ba. Kada ka damu.

'Yarka,
Lailatu

Asibiti, Kazaure, 15 ga Agusta, 2024

Baffa, sallama. Da hannun hagu nake rubutu, ka yi haƙuri. Ranar Talata mun yi hatsari a hanyar Roni, ni da Inna da Lubna. Na karye a hannun dama. Inna ta bugu a ƙirji amma tana magana. Lubna . . . . . . . . . . . . . . . . . . . . ita kam mun rasa ta, tun a wurin kowa ya ga ba abin da za a iya yi mata. Ban iya kallonta ba da aka zo ɗauka. Wayata ta fashe. Zan rubuto in na ji sauƙi.

Lailatu

Agege, 24 ga Agusta, 2024

'Yata Lailatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wani direba ne da ban sani ba ya kawo takardarki. Ruwan sama ya shiga masa mota, layi biyu sun goge, amma abin da ya rage ya isa. Na tambaye shi, ya ce shi a tasha aka ba shi, ya dai ji an yi hatsari. Ikilima ta kira lambarki ya fi sau talatin. Ta kira Musaddiƙ, aka ce ya tsallaka Nijar sayen shanu, layinsa ba ya shiga.

Allah ya jiƙan Lubna. Allah ya sa mai ceto ce. Allah ya ba ki haƙuri, ke da Salisu da Inna. Ban taɓa ganin ta ba, amma tun da kika rubuto cewa ta yi barci kafin Roni, kullum sai na ga yarinyar nan a idona.

Wata huɗu ina jiran takardarki, ina cewa shiru alamar lafiya ce.

Ni na ce ku ɗauki ƙaramar. Ni na aiko da kujerar, ni na zana yadda za a maƙala ta. Tun da takardar ta zo nake tambayar kaina ko zanen ne bai fito ba, ko akwai abin da na manta ban rubuta ba. Na so in tambaye ki ko tana cikin kujerar, sai na ga ba ni da bakin tambaya. Kada ki amsa.

Sau biyu ke nan gidanku yana ba ni amana. Ki gaya wa Hamma ya fi ni gaskiya.

Na mayar wa mai gareji makullan akwatin kayan aikina. Ya ce in je in huta, na ce ba hutu ba ne. Ba zan ƙara gaya wa kowa motar da zai saka iyalinsa ba.

Ya kamata in zo ta'aziyya. Ikilima har ta haɗa min kaya. Amma fuskata ba wadda Inna za ta so gani a zaman makoki ba ce. Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya ba, ba ki yi laifi ba.

Sharfuddeen

Gwiwa, 5 ga Satumba, 2024

Baffa,

Assalamu alaikum. Lubna tana raye! Na san Musaddiƙ ya dawo, ya kira Gwaggo Ikilima jiya, ta kuma rubuta maka labarin a takarda. Amma ina son ka gani da rubutuna. Tana raye, yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da kaji. Abin da ruwa ya goge shi ne: "Lubna ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana nan kan gadona tana wasa. Motar ce dai," sannan na ce ita kam mun rasa ta. Mota nake nufi, Baffa. Kwana goma sha biyu kana makokin yarinyar da ke cin gyaɗa. Ni ce mai neman gafara.

Ga yadda aka yi. Ranar asibitin Lubna ce, muka biya Roni muka ɗauki Inna za a duba mata gwiwa. Wajen ƙarfe goma na safe, an yi ruwa an ɗauke, kwalta da santsi. A wata kwana wata tifa mai yashi ta kauce wa rami ta shigo hannuna gaba ɗaya. Na take birki iya ƙarfina. Ya yi ta kakkarwa, ƙafata ta so ta saki, na tuna ka ce kada in saki. Na juya sitiyari, motar ta ji. Tifar ta wuce mu da kamar kamu ɗaya. Sai dai ba inda zan bi, muka daki kan kwalbati.

Na ji ƙara kamar bindiga, farar jaka ta cika min fuska, ga hayaƙi kamar gari. Sai shiru. Sai na ji Lubna daga baya tana cewa, "Umma, takalmina ya faɗi." Tana cikin kujerarta, kujerar ko gezau. Inna bel ya kwanta mata a ƙirji ya bar shaida, an ɗauki hoto an ce ba karaya. Ni tsintsiyar hannu ce, an sa filasta, sati biyu suka rage a cire.

Gaban motar ya naɗe har kusan gilashi. Da aka jawo ta Kazaure, Hamma ya je gani. Salisu ya ce ya zagaya ta sau biyu, sannan ya kama ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, duk huɗun suka buɗu. Ya shiga ya zauna a kujerata, ya miƙe ƙafa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "Ashe abin da dattijon nan ke nufi ke nan." Ya ce in ba ka haƙuri kan maganar da ya yi.

Saura maganar Inna. Tana nan wurina tun da aka sallame ni. Da takardarka ta zo na karanta na fashe da kuka, ta ce sai na karanta mata. Na karanta. Ta ce akwai wasu? Na ɗauko duka, har wadda ka ba da labarin ranar. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na zo kan madarar yara ta rufe fuska da mayafi.

Can ta ce, "Ɗauko alƙalami."

Na ce, "Inna, hannuna."

Ta ce, "Da wanne kika rubuta wadda ta kusa kashe shi? Da shi za ki rubuta wannan."

Ga maganarta, ban ƙara ban rage ba:

"Sharfu, ni ce Rahamatu. Mutuwar Na'Allah ban taɓa ɗora maka ita ba, ko a zuci. Wanda ya ba da shi ne ya karɓa. Abin da na riƙe ka da shi tafiyarka ce. Kana ɗan shekara tara aka kawo ka ɗakina, ni na yi maka wanki har ka yi gemu. Ku biyu kuka fita da safen nan na ba ku fura, ba wanda ya dawo min. Ɗaya Allah ya ɗauka. Ɗayan fa, wa ya ɗauke shi? Shekara ashirin da biyu ina jin kunyar in tambaya. Yanzu gwiwoyina sun ƙare, ba zan iya zuwa Ikko ba. Ka koma ka karɓi makullanka, sannan ka zo."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta tashi ta shiga ɗaki.

'Yarka,
Lailatu

Agege, 16 ga Satumba, 2024

'Yata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Da Ikilima ta miƙo min takardar da ta rubuta, a bakin rariya na zauna. Muna lafiya yanzu. Allah ya ƙara sauƙin hannu, ya raya Lubna. Ba ki yi laifin komai ba, kuma tuƙin da kika yi a kwanar nan, direbobi da yawa ba za su iya ba.

Kujerar Lubna da ta sha karo kada a sake amfani da ita, ko da ba ta nuna komai ba. Hamma kuma ki ce masa ya wuce.

Na karɓi makullan. Na kuma nemi izinin sati biyu. Za mu taso ranar Laraba ni da Ikilima, in Allah ya yarda mu sauka Kazaure ranar Alhamis da rana. Kada a yi wani girki.

Ki gaya wa Inna na ji. Amsarta ba ta takarda ba ce, sai na durƙusa a gabanta.

Abu ɗaya nake roƙo, ki shirya min kafin in iso. Ina kwance a asibiti aka yi jana'izar Babanki. Ranar da aka sallame ni na kai har bakin unguwarmu, na hango mutane zaune a ƙofar gida, na juya na nufi tasha. Ban taɓa zuwa inda aka sa shi ba. Ki nemo min a cikin dattawan Roni wanda ya halarta, wanda har yanzu zai iya gane wurin, ya raka ni.

Baffanki,
Sharfuddeen